Tsofaffin taswirorin kwarin kogin Isa: me suke iya faɗa game da Kalley da maƙwabtanta?

Duk lokacin da hoton wata tsohuwar taswirar Yamai ya faɗo hannun jama'a, gardama iri ɗaya ce take tashi. Wani ya ɗora yatsa a kan sunan unguwarsu ya ce ga hujja, kakanninsa ne suka fara sarar wurin. Wani ya duba bai ga sunan tasu ba, sai ya ce ai aikin Nasara ne, ƙarya ce tsagwaronta. Na uku kuma ya naɗe ta ya nufi gidan mai unguwa ko kotu, yana so ta raba masa rigimar gona. Dukansu uku suna ɗora wa takardar kayan da ba a yi ta domin ɗauka ba. Kalley, wadda a yau take tsakiyar birni kusa da Babbar Kasuwa, kuma tana cikin tsofaffin matsugunan da suka haɗu suka zama Yamai, wuri ne mai kyau na gane inda wannan ruɗani yake fitowa.

Ma'anar kalmomin

Taswira zanen ƙasa ne a kan takarda, kamar yadda tsuntsu zai hango ta daga sama. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce taswirar topografi. Kalmar aro ce da ta shigo ta Faransanci, asalinta kuma Girkanci, ma'anarta bayanin siffar wuri. A Hausa za a iya ce mata taswirar tudu da kwari, domin bayan garuruwa da hanyoyi tana nuna tsayin ƙasa, da gangare, da fadama, da tafki, da tsibiri, da hanyoyin da ruwan sama yake bi zuwa kogi.

Abu biyu ne suke riƙe da irin wannan taswira. Na farko ma'auni, wato yawan ƙasar da aka matse cikin kowane ɗan tsawo na takarda. Idan an rubuta 1:200,000, to santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa, milimita ɗaya kuma mita 200. Na biyu layin tsayi, siririn layi mai lanƙwasa, yawanci ruwan ƙasa, wanda yake haɗa duk wuraren da tsayinsu daga saman teku ya zo ɗaya. Inda layukan suka matsu akwai gangare mai tsauri, inda suka yi nesa da juna ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya.

Sai a bambanta ta da kadastar, wadda ita ce rajistar filaye mai nuna iyakar kowane fili da sunan mai shi, da kuma zanen lotisma, wato tsarin yanka filaye da tituna da hukuma take yi kafin a raba wa masu gini. Yawancin rigingimu suna tasowa ne daga gwamutsa waɗannan ukun, domin a bakin jama'a dukansu taswira ne.

Waɗanda suka zana kwarin, da abin da suke nema

Kogin Neja, wanda Zabarmawa da Songai suke kira Isa, Hausawan gabas kuma suke ce wa Kwara, ya daɗe a kan taswirorin Turai kafin a san yadda yake gudana a wannan yanki. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ƙetare shi a Say a 1853 kan hanyarsa ta Tumbutu, ya kuma biyo gaɓarsa a dawowa a 1854. Taswirorin da aka fitar daga bayanansa na hanyar matafiyi ne: zango, mashaya, sunan gari, da abin da ido ya gani ko aka ba shi labari.

A 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Émile Hourst, ya gangaro kogin da jirage daga wajen Tumbutu har zuwa teku, ya kuma shafe watanni a wani tsibiri kusa da Say. Damuwarsa ita ce inda jirgi zai wuce: zurfi, duwatsu, tsibirai, mashigi. Ƙauyen da yake bakin ruwa ya samu shiga, wanda yake bayan tudu kuwa sai dai a yi sa'a. A wannan lokaci kuma aka shiga zamanin taswirorin iyaka. Tun 1890 Faransa da Ingila suka ja layi daga Say zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sannan tawagar Jean Tilho ta bi iyakar a ƙasa tsakanin 1906 da 1909 tana auna wurare da taurari.

Taswirorin da kwamandojin mulkin mallaka suka riƙa zanawa a yankunansu kuwa na haraji ne da ƙidaya da aikin tilas. Ƙauye yana samun ɗigo a takarda idan yana da mai gari da ake karɓar haraji a hannunsa. Tungar masunta, da rugar Fulani, da bukkokin gona da ake zama cikinsu da damina kawai, sau da yawa ba su da wannan matsayi, saboda haka babu su.

Babban sauyi ya zo a shekarun 1950, lokacin da cibiyar taswira ta Faransa, IGN, wadda aka kafa a 1940, ta ɗauki hotunan yankin daga jirgin sama. Daga hotunan aka fitar da jerin taswirori masu ma'aunin 1:200,000, kowace takarda tana ɗauke da digiri ɗaya a tsaye da digiri ɗaya a kwance, kusan kilomita 110 kowace fuska. Takardar Yamai tana da lamba ND-31-IX. Waɗannan ne akasarin mutane suke nufi idan sun ce tsohuwar taswira, kuma su ne Nijar ta gada a 1960. A yau cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, da ke Yamai ita ce mai alhakin wannan aiki.

Ina Kalley take a kan takarda?

Kafin Faransawa su kafa sansaninsu a farkon shekarun 1900, a hannun Kyaftin Salaman, gaɓar hagu a nan jerin ƙananan matsugunai ce. Akwai Maourey ta Arawa ko Mawri, da Kalley ta Zabarmawan Kalle, da Gaweye, daga baya kuma Zongo ta fatake da baƙi, Hausawa da yawa a cikinsu. Can gefe ga Goudel da Gamkalley da Saga, kowanne gari mai zaman kansa. A tsallake ga Lamordé da Kirkissoye.

Labarin wanda ya riga wani zuwa ba ɗaya ba ne. Arawa suna da nasu, wanda yake danganta sunan garin da wata bishiya ta bakin ruwa da suka sauka a gindinta. Kalle suna da nasu, wanda yake danganta sunan da umarnin da wani shugabansu ya ba mutanensa cewa su share wurin su zauna. Babu taswirar da za ta yanke wannan hukunci, kuma dalilin mai sauƙi ne: mafi tsufar takardar da ta auna wurin da kyau ta zo ne bayan kowane ɓangare ya riga ya zauna. Wanda aka kira shaida bayan an gama rabon gado ba zai iya faɗin wanda ya fara shiga ɗaki ba.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda ta fi shafar Kalley. Unguwa takan tashi, sunanta ya bi ta. Bayan an mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, hukuma ta tsara garin kashi biyu, kwarin Gountou Yéna yana tsakani: tudun yamma na ofisoshi da gidajen Turawa, ɓangaren gabas na 'yan ƙasa. Gobarar da ta cinye bukkoki a tsakiyar shekarun 1930 ta ba hukuma damar janye mutane daga kusa da kogi zuwa filayen da aka yanka layi-layi a kan tudu. Tituna masu kusurwa huɗu da ake gani yau a Kalley ta gabas, da ta kudu, da ta arewa, da ta tsakiya, 'ya'yan wannan tsari ne. Don haka ganin sunan Kalley a takardu biyu masu tazarar shekaru arba'in ba ya nufin ƙasa ɗaya ake magana a kanta. Gaweye ta fi nuna wannan ƙarara: otal da zauren taro ne suke tsaye a bakin kogi inda unguwar take a da, sunan kuma ya zauna a jikin otal ɗin.

Ma'auni ma yana da nasa hukunci. A takarda mai 1:200,000 duk tsohuwar Yamai ba ta wuce faɗin farce ba. Kaurin layin da alƙalami ya ja kaɗai ya kai faɗin gidaje da dama a ƙasa. Ƙari a kan haka, tsofaffin taswirori an gina su a kan wani lissafin siffar duniya daban da wanda na'urar GPS ta wayar hannu take amfani da shi, kuma idan aka ɗora tsohuwa a kan sabuwa ba tare da gyara ba, gocewar tana iya kai mita ɗari ko fiye. Wanda yake neman iyakar gonar kakansa a irin wannan takarda yana auna gishirin miya da buhu ne.

Tarkon sunaye

Sunayen da ke kan waɗannan takardu kunnen Bafaranshe ne ya ji su ta bakin tafinta, ya rubuta su da ƙa'idar harshensa. Gari ɗaya yakan fito da rubutu biyu ko uku a bugu daban-daban, har mai karatu ya zaci garuruwa ne dabam. Amma wanda ya san Zabarmanci kaɗan zai tarar sunayen kansu wata taswira ce a cikin taswira. Koira gari ne, goungou tsibiri, gorou kwari ko ƙorama, bangou tafki, tondi dutse. Unguwar da sunanta yake ɗauke da bangou ko gorou ta riga ta gaya wa mai sayen fili abin da zai tarar a watan Agusta.

Akwai suna ɗaya da ya kamata mai karatun Hausa ya yi hattara da shi. A bakin mutanen kogi, gaɓar hagu ana ce mata Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Saboda haka idan aka ga Haoussa a jikin sunan wani ƙauye na bakin kogi, kamar Sansané Haoussa, abin da aka fi nufi shi ne ɓangaren kogin da yake, ba ƙabilar mazaunansa ba. An sha karanta wannan a karkace, a gina tarihin da babu shi a kansa.

Taswira a gaban alƙali

Nijar ta je Kotun Duniya da ke Hague sau biyu a kan iyaka, kuma shari'un biyu darasi ne a kan nauyin taswira. Tun a shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986 kotun ta kafa ƙa'ida cewa taswira ita kaɗai bayani ce, ba takardar mallaka ba, sai idan an haɗa ta da wata yarjejeniya ko doka da ta ba ta wannan ƙarfi.

A rigimar Nijar da Benin a kan tsibirin Lété da sauran tsibiran da ke yankin Gaya, wadda aka yanke ranar 12 ga Yuli 2005, kotun ta fi dogara da yadda aka gudanar da mulki a aikace zamanin mallaka, da kuma babban mashigin da jirgi yake bi a lokacin samun 'yanci. Da wannan aka raba tsibirai 25: Nijar ta samu 16 har da Lété, Benin ta samu 9.

A shari'ar Nijar da Burkina Faso kuwa, wadda aka yanke ranar 16 ga Afrilu 2013, taswirar IGN mai ma'aunin 1:200,000 bugun 1960 ta yi aiki sosai, musamman a wajen Bossébangou da ke bakin kogin Sirba. Amma ta yi aikin ne saboda ƙasashen biyu sun amince tun 1987 cewa za a bi dokar Gwamna Janar ta 31 ga Agusta 1927 da gyaranta na 5 ga Oktoba na shekarar, inda suka gaza kuma a koma ga layin wannan taswira. Amincewar ce ta ba takardar haƙora.

Haka abin yake a matakin ƙauye. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye da suke sauraron mai gari, da dattawa, da maƙwabtan gona. Tsohuwar taswira tana iya shiga a matsayin ƙarin haske, misali ta nuna cewa wuri kaza fadama ce ko burtali a shekara kaza. Sunan mai gona kuwa ba ya cikinta tun asali.

Masu riƙo da masu watsi

Ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Masu riƙo da taswira suna cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana bin son rai, musamman inda fili ya yi tsada, takarda kuwa ba ta sauya magana bayan an buga ta. Masu watsi da ita suna cewa wanda ya zana ta baƙo ne mai bindiga, ya rubuta abin da ya amfane shi, ya share masunta da makiyaya, ya ɗaga wasu masu gari ya danne wasu. Wannan suka gaskiya ne game da taswirorin haraji, da sunaye, da layukan iyakar kantoni. Ƙarfinsa yana raguwa idan aka zo ga siffar ƙasa da aka ɗauko daga hoton jirgin sama, domin na'urar ɗaukar hoto ba ta da dalilin matsar da ƙorama. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar takardar a dunƙule, a gaskata ta duka ko a ƙaryata ta duka, alhali kowane layi a cikinta yana da mafari dabam.

Inda tsohuwar takarda ta fi amfani: hanyar ruwa

Shekarun 1950, lokacin da aka ɗauki hotunan, shekaru ne na wadatar ruwan sama a Sahel. Taswirorin sun kama kwarin a cike: fadamu, tafkuna, rassan kogi da suke raye, tsibirai da ruwa ya kewaye. Sai fari ya biyo baya, na 1973 da na 1984, har kogin ya daina gudana a Yamai a watan Yunin 1985. A daidai wannan lokaci birnin yake kumbura. Daga mutum kimanin dubu 30 a 1960, ƙidayar 2012 ta tarar da fiye da miliyan ɗaya. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta buɗe Harobanda, wato tsallaken ruwa, ga masu neman fili. Mutanen da suka zo a shekarun fari sun ga busasshiyar ƙasa mai araha suka gina. Ba su yi wauta ba, abin da idonsu ya gani ke nan. Tsofaffin ƙauyukan gaɓar dama sun zauna ne a kan 'yan tuddai da ruwa yake kewayewa, sababbin gidaje kuma suka cike tazarar da ke tsakaninsu.

Kogin yana cika sau biyu a Yamai. Akwai cikar da take zuwa daga duwatsun Gini, wadda take ratsa Mali a hankali ta iso a tsakanin Disamba da Fabrairu. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Gorouol da Dargol da Sirba suke kwararowa da shi daga gaɓar dama. A da cikar Gini ce babba. Yanzu jan ruwan ne yake yin ɓarna, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012, sannan a Satumban 2020 lokacin da ma'aunin kogin a Yamai ya kai kusan mita 7, ruwa ya karya madatsa ya shiga Lamordé da Kirkissoye da Karadjé da Saga.

Masana ruwa, ciki har da na cibiyar Agrhymet da Hukumar Kula da Kogin Neja, dukansu masu mazauni a Yamai, suna danganta wannan da abubuwa da suka haɗu: ruwan sama mai sauka da ƙarfi a ɗan lokaci, da sare dajin da ke kan tuddai, da taurin da ƙasa ta yi har ba ta shan ruwa. A nan kwatanta tsohuwar taswira da hoton tauraron ɗan Adam na yau yake ba da amsa mai gamsarwa. Ana ganin inda daji ya koma fako, inda siririyar ƙorama ta zama babban kwazazzabo, da inda yashi ya taru a bakin ƙorama kamar Kourtéré ya tura cikin kogi ya matse shi.

Ko a nan akwai iyaka. A takardu masu 1:200,000 tazarar layukan tsayi takan kai mita 40, alhali bambancin gidan da zai nutse da wanda zai tsira a Harobanda bai wuce mita ɗaya ko biyu ba. Abin da yake taimako shi ne alamun fadama da shuɗin layin ƙorama, da ainihin hotunan jirgin, da taswirori masu babban ma'auni inda aka same su. Sauran kuma yana bakin mutane, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masunci ko manomin shinkafa na Saga zai nuna inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka haifi ɗansa na fari, abin da babu layin tsayin da ya rubuta.

Kalley kanta tana kan tudu, cikar kogi ba ta kai mata. Damuwar tsakiyar gari ita ce ruwan sama da ya rasa mafita bayan an shafe ƙasa da siminti da kwalta, magudanai kuma sun toshe da leda da yashi. Gangaren da tsofaffin zane-zanen birni suka nuna, zuwa Gountou Yéna da zuwa kogi, shi ne har yau ruwan yake nema.

Abin da ke tafe

Madatsar ruwa ta Kandaji da aka fara ginawa a sama da Tillabéri, kusa da Ayorou, kimanin kilomita 180 daga Yamai, za ta sake zana kwarin. Tafkin da zai taru a bayanta zai rufe ƙauyuka da gonaki da tsibirai, kuma dubban mutane ne ake tsara tayarwa zuwa sababbin matsugunai. Da yawa daga cikin sababbin garuruwan za su tafi da tsofaffin sunayensu, kamar yadda unguwannin Yamai suka yi a shekarun 1930. Bayan ƙarni guda, wanda ya buɗe takarda zai tarar da suna ɗaya a wurare biyu, ɗaya a ƙarƙashin ruwa ɗaya a kan tudu.

Wannan ya sa adana takardun ya zama aikin gaggawa. Kaso mai yawa na ainihin hotunan jirgin sama da zane-zanen zamanin mallaka yana Faransa da Dakar, inda hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa take a da, kwafin da ke ofisoshin gida kuma zafi da ƙura da gara suna cin su. Ɗaukar su a kwamfuta abu ne mai yiwuwa da kuɗi kaɗan, in dai an ɗauka har da gefen takardar. A gefen ne ake rubuta shekarar da aka ɗauki hoton, da shekarar da aka bi ƙasa aka tantance sunaye, da shekarar bugu, kuma ukun sukan bambanta da shekaru masu yawa. Hotunan da suke yawo a wayoyin jama'a galibi an yanke musu wannan gefe.